Wanda Ya Buɗe, Nasa Ne

Litinin, 3 ga Maris

Yau aka ɗora mana ita. Duk ofisoshin ƙaramar hukuma, mu na hanyoyi da magudanai, da na ruwa, da na gine-gine, da asibitin unguwa, har da masu kwasar shara, wai an zuba mu a manhaja ɗaya. Duk inda mutum ya kai koke, zai faɗo a kwamfutar kowa lokaci guda. Sunanta na gwamnati dogo ne, ban ma riƙe ba. Kafin azahar masinjanmu ya raɗa mata Magulmaciya, kuma sunan ya zauna.

Wadda aka turo ta koya mana yarinya ce da na girme wa nesa ba kusa ba. Tana tsaye a kaina, turarenta ya cika mini hanci, ba abin da ke fita daga bakinta sai "Danna nan, Anti. A'a, nan." Ni da na shekara da shekaru a kan teburin nan. Daga yau sunanta Danna-nan.

Dokar abin ita ce ta fi ba ni haushi. Koke zai shigo da jan ɗigo a gefensa. Ofishin da ya fara buɗewa, aikin ya zama nasa har ya gama. Sauran ofisoshi suna iya liƙa abin da suka sani a jikinsa ba tare da sun buɗe ba, amma wanda ya buɗe kaɗai ke ganin abin da aka liƙa. Wai don kare sirrin jama'a. Ta ce hakan zai sa a riƙa rige-rigen taimakon mutane. Na dube ta kawai. Ba ta san mu ba.

Talata, 4 ga Maris

Da can fayil yana da ƙafa. Idan ba naka ba ne, ka rubuta layi ɗaya a kai, masinja ya kai shi gaba. Yanzu yana zaune ya zura maka ido.

Alhamis, 6 ga Maris

Gashin-baki ya yi mini abin da ba zan manta ba.

Shi ne a teburin koke na ofishin ruwa, kamar yadda nake a namu. Tare aka ɗauke mu aiki, mun taɓa zama ɗaki ɗaya, na san halinsa kamar tafin hannuna, amma na sake. Ya kira ni da safe, murya a sanyaye: "'Yar'uwa, kin ga wanda ya shigo yanzu? Sanarwa ce kan hutu, duba mana." Na danna. Ashe ramin da mutanensa suka haƙa a bakin kasuwa ne suka tafi suka bari a buɗe. Nan take jan ɗigo ya koma ruwan ɗorawa, sunan ofishinmu ya hau kai. Ina jin dariyarsa ta waya kafin ya kashe.

Oga ya wanke ni tas a gaban kowa. Ya ce lebura nawa muke da su da zan riƙa kwaso mana kayan wasu. Ya ce in na sake buɗe abin da ba namu ba, zai mayar da ni ɗakin tsofaffin fayiloli, wanda ko taga babu.

Ban yi kuka a ofis ba. A banɗaki na yi.

Na goge sunansa a wayata na rubuta Maƙiyi. Ba zan ƙara ɗaga kiransa ba har abada.

Talata, 11 ga Maris

Na gano dabara. Idan ka ɗora kibiyar linzamin kwamfuta a kan koke ba ka danna ba, layin farko yana leƙowa. Ka karanta, ka janye hannunka, ba wanda ya gan ka. Na koya wa masinja, shi kuma ya koya wa duk ginin. Yanzu kowane ofis leƙe yake yi. Jajayen ɗigo sun jeru har ƙasa, kowa yana jiran wani ya yi wauta.

Baban yara ya ce aikin namu ya zama wasan 'yar ɓuya. Na ce ya ci abincinsa.

Litinin, 17 ga Maris

Wani koke ya shigo da safe. Na leƙa: "Ruwa yana tsattsafowa a gindin katangar ɗakin mahaifiyata, katangar ta fara…" Nan layin ya yanke. Layin bayan makarantar firamare ne.

Ruwa dai aka ce. Na ofishin ruwa ne. In kuwa katanga ce, na gine-gine. Mu ba ruwanmu.

Alhamis, 20 ga Maris

Mai koken ta zo da kanta. Mai ɗinki ce, siririya, da tef ɗin awo rataye a wuya ta manta ba ta cire ba. Ta ce ta je ofishin ruwa sun ce magudana ce, ta zo wurinmu. Ta je gine-gine sun ce ba sa gyara gidan mutum, sai dai su rushe.

Na ce kokenta yana cikin kwamfuta. Ta ce, "To Yaya, a duba mini mana." Na ce ba haka ake yi ba. Ta tambaye ni yaya ake yi. Sai na ce ta dawo mako mai zuwa.

Yaya, wai. Daga ina na zama yayarta?

Maƙiyi ya kira sau biyu da yamma. Na bar wayar tana ta ruri a kan tebur har ta gaji. Wato yana so ya sake shafa mini. Ya makara.

Talata, 25 ga Maris

Ta dawo. Ba ta jira mako ya cika ba.

Ta zauna a bencin baranda daidai ƙofata, ta fito da riga tana ɗinka maɓalli da hannu. Ba ta roƙo, ba ta faɗa. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi, sai in kira mai gadi. Duk sanda na ɗaga kai sai in ga saman kanta da allura tana hawa da sauka.

Da na fito zan yi alwala ta miƙe. Ta ce ɗakuna biyu ne gare su, na gaba shi ne shagon ɗinki, na baya kuma Inna ke kwance a ciki tun da ɓarin jikinta ya shanye. Gadon ƙarfe ne na da, jikin katangar yake. Na ce to a matsar da gadon. Ta ce ɗakin bai fi gadon girma ba, kuma ƙofar ba za ta fitar da shi ba sai an kwance, ita kaɗai ce. Na ce ai ba ni na gina ɗakin ba.

Na san maganar ba ta yi daɗi ba. Amma a kan me za a zo a ɗora mini uwar wani?

Laraba, 26 ga Maris

An liƙa wani abu a jikin kokenta. Alamar ƙaramin maƙalli ta fito a gefe. Ba a ganin wanda ya liƙa.

Talata, 1 ga Afrilu

Taron dukkan ofisoshi a babban zaure. Danna-nan ta haska allon a bango, ja kaca-kaca. Ta ce a wasu wurare wannan manhajar ta sa ana gyara abu cikin yini ɗaya. Wani daga baya ya ce to ta koma can. Aka kwashe da dariya, har da ni.

Ta nuna na mai ɗinki da sanda, ta ce wannan ya yi mako biyu yana jira, na wa ne? Ogan ruwa ya ce magudana ce ta toshe. Oganmu ya ce bututu ne ya fashe. Na gine-gine ya ce shi tunda katanga ba ta faɗi ba, ba ta shigo hurumin ofishinsa ba tukuna. Haka ya faɗa, da bakinsa, yana ɓare alewa.

Gashin-baki yana ta ƙoƙarin haɗa ido da ni daga ɗaya ɓangaren. Da aka tashi ya biyo ni har matakala yana cewa, "Tsaya ki ji, magana ɗaya ce." Na ce ya kai wa wadda bai taɓa yaudara ba. Na shige banɗakin mata na tsaya har ya tafi.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Labulen tagar ofishinmu da ya yage tun bara, na dawo daga salla na tarar an ɗinke shi. Masinja ya ce mai ɗinkin nan ce, ta ce idonta ne ba ya iya ganin yagaggen abu. Ɗinkin ya yi kyau, kuma hakan ya ƙara ƙona mini rai. Idan tana zaton da zare za ta saye ni, ta yi kuskure.

Maƙallai sun zama uku.

Litinin, 7 ga Afrilu

Oga ya leƙo ya ga inda kibiyata take. Ya nuna hanyar ɗakin fayiloli da haɓa, ya wuce.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na yi faɗa da kowa yau. Da mai gadi, don ya bar mai ɗinki ta shigo. Da Danna-nan, da ta zo wai ta ji ko ina da matsala da linzamina. Na ce matsalata ita ce wanda ya zauna a ɗaki mai sanyi ya ƙirƙiro dokar da ke hukunta duk wanda ya motsa. Ta ce ba ita ta rubuta ba. Na ce kowa a ginin nan haka yake cewa.

A gida Auta ta zubar da shayi a kan tabarma na yi mata tsawar da ta fi laifin. Baban yara ya jira ta fita, sannan ya ce, "Wannan katangar a gidanmu take ne?" Na ce wace katanga. Ya ce wadda nake ambata kullum ina cewa ba ruwana.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na je sayen takalmin makarantar Auta, mai mota ya bi ta bayan firamare. Ba ni na ce ya bi ta nan ba. Na sauka ne don cunkoso.

Gidan ba ya ɓoyuwa. Katangar ta jiƙe daga ƙasa har kusan ƙirjina, ta yi baƙi, gansakuka ta fito a gindinta. Ta yi ciki, ta turo waje kaɗan daga tsakiya, kuma akwai tsaga da yatsa zai shiga. An tokare ta da katako biyu da wani tsohon teburin guga. Na duba magudanarmu da ke gefen titi, tunda aikina ne. A bushe take ƙayau, har da ledoji da ƙura. Ruwan daga ƙarƙashin kwalta yake fitowa, mai tsabta, yana tsattsafowa a hankali.

To ka gani. Bututu ne. Nasu ne. Na yi gaskiya tun farko.

Ta tagar na ji tsohuwar tana kira, ba da ƙarfi ba, sai keken ɗinki ya tsaya. Na bar wurin kafin a fito. Ban sayi takalmin ba, na manta.

Talata, 15 ga Afrilu

Hadari ya haɗu da la'asar ya watse. Kowa a ofis yana murna za a samu sanyi.

Maƙiyi ya kira. Ya turo saƙo ma. Na goge ban karanta ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Mai ɗinki ba ta zo ba yau. Bencin ya yi mini faɗi. Na ce Alhamdu lillahi na huta, sai na kama kaina ina tambayar masinja ko ya ji wani labari daga bayan firamare.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ta zo, ba riga ba allura. Ta shigo har gaban teburina, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce jiya ƙasa ta zubo a kan bargon Inna. Ta ce ta share, ta gaya mata ɓera ne. Sai ta tsaya tana kallon bayan kwamfutata kamar za ta hango kokenta ta cikin robar.

Oga yana taro. Kibiyata dama tana kan kokenta, kullum a nan take kwana. Ban san me na yi tunani ba. Na danna.

Ja ya koma ruwan ɗorawa. Sunanmu ya hau.

Maƙallai suka buɗe. Na asibiti: ma'aikaciyar jinya mai zuwa gida ta rubuta cewa majinyaciyar ba ta iya tashi, ɗakin ya yi danshi, tari ya kama ta. Na gine-gine: hoto ne kawai, ba ko kalma, don a ce sun yi wani abu. Na ukun, wanda shi ne aka fara liƙawa tun a watan jiya, daga ofishin ruwa. Na gane rubutunsa tun kafin in ga sunan, shi kaɗai ke rubutu ba waƙafi ba aya.

Ya ce bututunsu ne sun auna sun tabbatar. Ya ce yana ƙarƙashin kwalta, kuma ba su da ikon fasa titi sai da izinin ofishin hanyoyi, izinin kuwa a manhajar nan ba ya fita sai daga hannunmu, sai mun buɗe. Ogansa ya hana shi buɗewa, ko ya buɗe ma a nan zai maƙale. A ƙarshe ya rubuta: ki ɗaga waya don Allah.

Izinin layi huɗu ne. Na cike, na tura. Kafin in ɗauke hannuna daga linzami alama ta nuna an karɓa a can. A zamanin masinja da sai ya yi mako a hanya, wannan kam ba zan ƙi faɗa ba.

Ta ce, "An yi?" Na ce gobe za su zo. Ta tsaya tana kallon yatsana.

Oga ya dawo ya gani. Ya ce ranar Litinin in tattara kayana.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Sun fasa titin, sun ɗaure bututun kafin la'asar. Masinja ne ya kawo labari. Wai Gashin-baki da kansa ya bi ma'aikatan, shi da ba ya barin kujerarsa ko gobara ake yi. Ya shiga ɗakin ya ga katangar, ya fito ya ce ba wanda zai tafi sai an fitar da tsohuwa. Suka kwance gadon da sifanar gyaran famfo, suka ɗauke ta a bargo, suka mayar da ita shago.

Shi ne ma zai zama mutumin kirki a labarin. Abin da ciwo.

Litinin, 21 ga Afrilu

An yi ruwa ranar Asabar, na farko, mai ƙarfi. Katangar ta faɗi jiya da safe. Ciki ta faɗa, ba waje ba, daidai inda gadon yake a da. Rufin ya biyo ta.

Ba wanda ya ji ciwo. Na rubuta wannan sau biyu a takarda a ofis, ban san dalili ba.

Na kwashe kayana zuwa ɗakin fayiloli. Wari, ƙura, kwan fitila ɗaya. Sun manta ba su cire ni daga manhajar ba, kuma akwai tsohuwar kwamfuta a lungu da ke kamawa in an yi haƙuri. Oga ya aiko masinja wai in danna "an kammala" a kan na mai ɗinki, tunda an gyara bututu, ɗigon ya koma kore kafin taron wata. Na ce kwamfutar nan ba ta da sauri.

Talata, 22 ga Afrilu

Ta neme ni har ƙasa. Ban san wanda ya nuna mata hanya ba.

Na yi zaton godiya ta kawo ko zagi, na shirya wa kowanne. Ta ce Inna tana shago, gadon ya cinye wurin, keken ɗinki yana waje ƙarƙashin leda, in hadari ya taso sai ta rufe ta zauna. Masu kawo ɗinki sun fara komawa wani wuri, ba mai son a auna shi a titi. Ta faɗi duk wannan kamar tana ba da labarin wata.

Sai ta ce, "Yaya, tambaya ɗaya na zo yi. Ranar nan na ga hannunki. Dama dannawa ce kawai?"

Na fara yi mata bayanin doka, da Oga, da ramin kasuwa, da abin da Gashin-baki ya yi mini. Ina magana ina jin yadda maganar take fita. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba. Ta ce, "To." Ta gyara tef ɗin wuyanta ta hau matakala.

Na fi son a ce ta zage ni.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Har yanzu ina nan a kan bakana: manhajar banza ce, dokarta ta banza ce, wanda ya rubuta ta bai taɓa zama a teburin koke ba. Na faɗa wa Danna-nan haka da ta sauko duba tsohuwar kwamfutar. Wannan karon ta fito da biro ta rubuta. Na ce ta ƙara da cewa a bar kowa ya ga abin da aka liƙa, in ban da na asibiti. Ba don ina son abin ya gyaru ba ne, don dai kar ta ce ba a gaya mata ba.

Na mai ɗinki yana nan ruwan ɗorawa. Na tura wa gine-gine hoton ɓaraguzan, da layi ɗaya: yanzu ta faɗi, ta shigo huruminku. Oga ya sake aiko masinja. Kwamfutar dai ba ta da sauri.

Wani sabon koke ya shigo da hantsi, murfin kwalbati ya karye a hanyar da yara ke bi zuwa makaranta. Linzamin nan tsoho ne, yana zamewa. Ya buɗe.

Wayata ta yi ƙara da azahar. Maƙiyi. Na ɗaga ne don in gaya masa abin da ke raina, kuma na gaya masa tas. Sannan ya ce akwai ragowar bulo a harabar ofishinsu da zai isa a tayar da katangar, amma ba su da mota. Mu muna da mota.

Ban canza sunansa a wayar ba.